Kalar monitarka ta koɗe, baƙi ya koma toka-toka? Kar ka yi saurin zarginta

Akwai wata matsala da na lura tana damun masu amfani da kwamfuta da yawa, kuma abin da ya fi ci min rai a kanta shi ne yawancinsu ba su ma san tana gyaruwa ba, sun ɗauka haka monitar take tun daga kamfani. Ka jona laftof ɗinka ko desktof da monita ta wayar HDMI, hoto ya fito, komai na aiki, amma sai ka ga kalolin duk sun koɗe, ja bai cika ja ba, kore ya yi fari-fari, baƙi kuwa ba a magana, ya koma toka-toka kamar kana kallo ta gilashin da ƙura ta rufe. In ka kunna fim, baƙaƙen layukan nan na sama da ƙasa da ya kamata su ɓace cikin duhu sai ka ga suna wani haske-haske. Daga nan mutum zai fara dannen maɓallan monita, ya ƙara wannan ya rage wancan, in ya gaji ya ce ai dama monitar ce ba ta da kyau, wani har ya fara shirin sayen wata.

Ni dai abin da zan ce shi ne, kafin ka taɓa saitin kala ko ɗaya, fara tabbatar da cewa kwamfutarka da monitarka sun yarda da juna a kan inda baƙi ya fara da inda fari ya ƙare. Mafi yawan lokuta a nan gizo ke saƙar, kuma gyaran bai wuce danna abu ɗaya ko biyu ba.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗigo da ke kan sikirin haɗin kala uku ne, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB, kuma kowacce kala tana da matakai 256, daga 0 zuwa 255. A wajen kwamfuta 0 shi ne baƙi ƙirin, 255 shi ne fari fat. To amma su mutanen talabijin ba haka suke lissafi ba, a wajensu baƙi yana farawa ne daga 16, fari ya tsaya a 235. Wannan tsarin ya samo asali ne daga ƙa'idar bidiyon dijital da aka fitar a 1982, wadda yanzu ake kira BT.601, lokacin ana juya siginar analog zuwa dijital kuma siginar kan ɗan zarce iyaka sama ko ƙasa, shi ya sa aka bar mata fili a gefe biyu don kar a yanke ta. Da aka zo yin ƙa'idar HD, wato BT.709 a 1990, sai aka ci gaba da tafiya a haka, kuma har yau DVD da Blu-ray da kusan duk bidiyon da kake kallo a intanet a wannan ma'aunin aka adana su. Na kwamfuta shi ake rubuta wa Full a cikin saiti, na talabijin kuma Limited.

Babu wanda ya fi wani laifi a cikinsu fa, kowanne daidai yake a muhallinsa. Rigimar tana tasowa ne in ɓangare ɗaya yana magana da wannan, ɗayan yana saurare da wancan. Misali katin girafik ɗinka, wato ɓangaren kwamfutar da ke aika hoto zuwa monita, ya matse hoton ya aika shi a 16 zuwa 235, ita kuma monita tana jiran 0 zuwa 255, to lambar 16 da ya aiko da nufin baƙi ita a wajenta toka ce mai duhu, 235 da ya aiko da nufin fari ita a wajenta fari ne mai dauɗa, duk kalolin da ke tsakani kuma sun takure, shi ne kake ganin hoton ya koɗe ba armashi. In kuma aka samu akasin haka, katin ya aika cikakke monita tana jiran na talabijin, sai ta ɗauki duk abin da ke ƙasa da 16 ta mayar da shi baƙi ɗaya, duk abin da ya haura 235 ta mayar da shi fari ɗaya. Wannan na biyun ya fi yaudara wallahi, domin da farko sai ka ga hoton ya yi wani kyau, ya yi kauri, ka ce yauwa ga shi nan, alhali duk abin da ke cikin inuwa ya ɓace, mutum ya sa baƙar riga a fim ba ka ganin ninkinta ba ka ganin maɓallinta, gajimare ya zama farin fili kawai.

Me ya sa kwamfuta za ta ɗauki monita a matsayin talabijin? HDMI ɗin ne. Kamfanonin kayan kallo na gida irin su Sony da Panasonic da Philips da Toshiba ne suka haɗu suka fitar da shi a ƙarshen 2002, don haka tun asali da talabijin a ransa aka yi shi. Idan ka jona, monita tana aika wa kwamfuta ɗan bayanin kanta da ake kira EDID, sunanta da girman hoton da take iya ɗauka da sauransu, to in a ciki aka ga 1920x1080 a 60Hz, wanda shi ne ainihin girman hoton talabijin na HD, sai direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya ce ai wannan talabijin ce, ya aika mata Limited. DisplayPort kuwa ƙungiyar VESA ce ta fitar da shi a 2006 musamman don kwamfutoci, shi ya sa da wuya ka ji mai amfani da shi yana wannan kukan. In monitarka da kwamfutarka duk suna da ramin DisplayPort, gaskiya shawarata ka koma can kawai ka huta.

Kafin ka canza komai ka haɗa ɗan gwaji, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Buɗe Paint, shiga Edit colors inda ake rubuta lambobin ja da kore da shuɗi, ka cika shafin gaba ɗaya da 0, 0, 0. Sai ka zana ƙananan akwatuna a kai, ɗaya 5, 5, 5, ɗaya 10, 10, 10, ɗaya 16, ɗaya 25. A wani shafin kuma ka yi farin fili 255 da akwatuna 240 da 245 da 250. Kashe fitilar ɗaki ka duba. In abubuwa suna daidai, filin zai yi duhu iya ƙarfin monitar kuma za ka iya hango akwatunan, na 5 ɗin da ƙyar, sauran a fili. In akwatunan 5 da 10 da 16 duk sun narke cikin baƙin, na 240 da 245 da 250 ma sun ɓace cikin farin, to an danne maka baƙi da fari, kana cikin matsala ta biyu. In kuwa duk suna fitowa ɓaro-ɓaro amma filin kansa toka ne, to akwai alamar ta farko ce. Ka bar hoton nan a buɗe yayin da kake canza saitin, shi zai gaya maka gaskiya, ido shi kaɗai yana saurin sabawa da duk abin da aka ba shi.

Ga mai katin NVIDIA, danna dama a kan desktof ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka shiga Change resolution, ka gangara ƙasa ka zaɓi Use NVIDIA color settings, a nan za ka ga Output color format ka sa shi RGB, sannan Output dynamic range ka ɗauke shi daga Limited zuwa Full, ka danna Apply. Sikirin zai ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, kuma in wannan ce matsalar, bambancin ba ya buƙatar a nuna maka, nan take za ka ga baƙin ya nutse. A wannan shafin kuma ka lura jerin girman hoto kashi biyu ne, akwai na ƙarƙashin Ultra HD, HD, SD akwai na ƙarƙashin PC, in girman monitarka yana cikin na PC shi za ka ɗauka. Mai AMD kuma a cikin manhajar Adrenalin zai nemi ɓangaren Display, wurin Pixel Format, ya zaɓi RGB 4:4:4 mai ɗauke da PC Standard, ba mai Studio ba, shi Studio ɗin shi ne Limited. Masu Intel, wato yawancin laftof, su duba manhajar girafik ta Intel a saitin sikirin ɗin da aka jona, sunan abin Quantization Range. A Linux ma direban Intel yana da shi da sunan Broadcast RGB, ana saita shi da umarnin xrandr.

Ɓangare ɗaya kenan. Ita ma monitar sau da yawa tana da nata saitin, kuma a nan ne kamfanoni suka rikita mutane don kowa da sunan da ya raɗa masa. LG suna ce masa Black Level, inda High yake tafiya da Full, Low yake tafiya da Limited. Samsung suna ce masa HDMI Black Level, Normal shi ne na Full, Low na Limited. BenQ kuma HDMI RGB PC Range, su sun kyauta sun rubuta lambobin a fili. Mutum ya ga an rubuta Low sai ya ɗauka ai shi ne zai ba shi baƙi mai zurfi ya zaɓa, alhali ba zaɓin daɗi ba ne, tambaya ce ake maka wane irin sigina ke shigowa. Abin da kake so shi ne duka biyun su zama Full. In talabijin ce ka jona kuma ba ta karɓar Full, to ka bar duka biyun a Limited, hoton zai fito daidai, abin da ba a so kawai shi ne ɗaya nan ɗaya can. Kuma in akwai Auto, ni ban cika yarda da shi ba, in yana aiki shikenan, in ka ga alamar rikici ka saita da hannunka.

Wani lokacin kuma desktof lafiya lau, hotuna lafiya lau, bidiyo ne kaɗai yake koɗewa, musamman a VLC. Wannan daban ne, manhajar ko direban ne bai buɗe 16 zuwa 235 na bidiyon ya mayar da shi 0 zuwa 255 ba. A NVIDIA akwai shafi na musamman, Adjust video color settings, ka zaɓi With the NVIDIA settings, ka shiga Advanced ka sa Dynamic range a Full.

Sai maganar HDR, wato tsarin hoto mai ƙarin tazara tsakanin haske da duhu, wadda a 'yan shekarun nan ta zama babbar hanyar da kala ke koɗewa. Mutum ya sayi monita an rubuta HDR a kwali, dole ya so ya kunna, ya shiga Settings, System, Display ya kunna, sai kawai desktof ya yi fari-fari, burauza ta dusashe, ya rasa me ya faru. Abin da ke faruwa shi ne kusan duk abin da kake yi a kwamfuta, rubutu da shafukan intanet da hotuna, ba HDR ba ne, SDR ne, wato hoto na yau da kullum, an yi su ne a tsarin kala na sRGB da HP da Microsoft suka fitar tun 1996, to in ka kunna HDR sai Windows ta ɗauke su ta zuba cikin wani ma'auni daban, kuma sakamakon ya dogara sosai da ƙarfin monitar. Yawancin monitoci masu tambarin DisplayHDR 400, wanda shi ne matakin ƙasa a ma'aunin VESA, fitilar bayansu ɗaya ce take haska sikirin gaba ɗaya, ba sa iya rage haske a wani yanki su ƙara a wani, don haka da sun ƙure fitila don nuna haske sai baƙin ma ya tashi tare da ita. Ra'ayina a nan ba ɓoye-ɓoye, a irin wannan monitar ka kashe HDR don aikin yau da kullum, ka kunna shi kawai in za ka buga gem ko kallon fim ɗin da aka yi da HDR, maɓallan Windows da Alt da B tare suna kunna shi su kashe. In kuma dole sai ka bar shi a kunne, akwai sandar SDR content brightness a shafin HDR ɗin ka daidaita ta, kuma masu Windows 11 su sauke Windows HDR Calibration daga shagon Microsoft su bi matakanta. Ƙarin abin lura, HDMI 2.0 yana ɗaukar 4K a 60Hz da cikakken RGB ne a bit 8 kawai, wato matakai 256 ɗin nan, in aka nemi bit 10 mai ƙarin matakai da HDR ke amfani da shi hanya ba ta isa sai a koma YCbCr 4:2:2, wani tsari da ke rage bayanin kala, shi ya sa wani yana kunna HDR sai ya ga ƙananan rubutu sun yi wani gefe-gefe mai kala, jan rubutu a kan baƙi ya dagule.

In duk wannan daidai yake kuma har yanzu baƙin bai yi maka ba, shiga menu na monitar ka nemi abubuwan da aka sa don masu gem. LG suna da Black Stabilizer, BenQ suna da Black eQualizer, ASUS suna da Shadow Boost, aikinsu ɗaya, su ɗaga wurare masu duhu don ka hango abokin gaba da ya laɓe a lungu. Don wasan suna da amfani, amma in aka bar su a kunne komai sai ya yi toka, kuma yanayin hoto irin su FPS kan kunna su da kansu ba tare da ka sani ba. Koma Standard ko Custom ko sRGB, gamma (saitin hasken kalolin da ke tsakanin baƙi da fari) a 2.2, zafin kala a 6500K ko abin da suka kira Warm ko Normal. In an riga an yi ta dagula saitin har ba ka san inda aka faro ba, yi Factory reset kawai ka fara daga farko. Haka a ɓangaren Windows, in wani ya taɓa bin Calibrate display color ya ja gamma yadda ya ga dama, saitin yana nan a maƙale a matsayin furofayil, rubuta colorcpl a wurin bincike ka buɗe, ka cire furofayil ɗin da ba ka san da shi ba. Ka leƙa Night light ma ko yana kunne.

Akwai kuskuren da nake gani kullum game da Brightness. A menu na monitar LCD, Brightness yawanci fitilar baya yake ƙarawa ko ragewa, wannan ba ya taɓa lambobin hoto. Amma Brightness na cikin manhajar katin girafik ba shi da iko da fitila, lambobin yake turawa sama, 0 ta koma 20 ko 30, wato da hannunka ka ƙirƙiro irin matsalar da muke ta magana a kai. A talabijin da yawa ma haka ne, fitilar tana ƙarƙashin Backlight, shi kuma Brightness matakin baƙi ne. Don haka bar sandunan cikin manhaja a inda suke tun asali, haske daga monitar za ka nema.

Shi ya sa kuma nake jin takaici in na ga an ba mai wannan matsalar shawarar ya ƙara Digital Vibrance ko Saturation. E, ja zai yi ja, kore zai yi shar, mutum ya ji kamar an gyara, amma baƙin yana nan a tokarsa don ba a taɓa shi ba, fatar mutane ta koma kamar an shafa musu jan fenti, kuma in kai mai gyaran hoto ne ko bidiyo ko zane, to ka shiga uku, domin abin da kake gani ba shi ne abin da ke cikin fayil ɗin ba, za ka yi ta rage kala kana ganin ta yi yawa, a buɗe a wata na'urar a ga aikinka ya fito a koɗe. Ko ba sana'arka ba ce, wanda ya ɗauki fim ɗin ko ya zana gem ɗin ya ɓata lokaci ya zaɓi kowace inuwa, ya kamata a ce ka gan ta yadda ya yi ta.

To amma fa akwai iyakar da saiti ba ya wucewa, gara in faɗa maka ita don kar ka yi ta wahala. LCD fitila ce a baya da wani labule a gaba da yake ƙoƙarin tare hasken, kuma ba ya iya tarewa duka. Sikirin LCD nau'in IPS yawanci bambancin farinsa da baƙinsa wajen 1000 ne bisa 1, nau'in VA yana kai wa 3000 bisa 1 ko fiye, OLED kuwa kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, in baƙi ne sai ya mutu gaba ɗaya. Yi lissafin da kanka, IPS da aka ƙure haskenta zuwa nit 300 (nit ma'aunin hasken sikirin ne), baƙinta zai zama nit 0.3, in ka sauke ta zuwa nit 120 da masu gyaran hoto suka fi amfani da shi a ɗaki mai matsakaicin haske, baƙin ya sauka zuwa 0.12. Wato rage fitila kawai ya rage hasken baƙin da fiye da rabi, kuma idonka ma zai gode maka. Monitoci da yawa suna fitowa daga kwali da haske sosai, an saita su ne don su ja ido a wurin sayarwa. Sannan kallon IPS a ɗaki mai duhu ɗulum shi ke fito da aibinta, ɗan kunna ƙaramar fitila a bayan monitar tana haska bango, idonka zai daidaita da wannan hasken sai baƙin sikirin ya yi maka duhu fiye da da. Hasken da kake gani a kusurwoyi kuma iri biyu ne, in ka matsa da kanka ko ka ja baya ka ga yana canzawa to ɗabi'ar IPS ce, ja da baya kaɗan ka sa tsakiyar sikirin daidai idonka zai ragu, in kuwa yana nan wuri ɗaya duk inda ka tsaya to fitila ce ke yoyo ta gefen firam, wannan ba saitin da zai gyara shi, in ya yi muni kuma garanti bai ƙare ba ka mayar. Tsofaffin laftof masu sikirin TN kuma kusurwa ce komai, ka ɗan kalle su daga sama kaɗan duk kala ta wanke, gyara karkatar murfin kawai.

Wani kuma sabo ne ke damunsa. Ya saba da sikirin ɗin waya mai kala rau-rau, ko monita mai faɗin kala da take ƙara wa komai gishiri, ranar da ya sa yanayin sRGB sai ya ce ta koɗe, alhali yanzu ne take nuna kalar gaskiya. Gwajin akwatunan nan shi zai raba gardama, in baƙi ya nutse kuma akwatuna suna fitowa, ba ta koɗe ba, ba wa idonka kwana biyu.

Game da waya, kar wani ya sa ka kashe kuɗi a kan HDMI mai tsada da sunan zai gyara kala. Siginar dijital ce, in wayar ta lalace abin da za ka gani shi ne hoto yana ɗaukewa ko ɗige-ɗige masu walƙiya, ba koɗewa ba. VGA ce analog, ita kam in fil ɗaya ya lanƙwashe ko ba ta zauna daidai ba za ka ga sikirin ya rine ya koma ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, a ɗaure ta da kyau a danna Auto a jikin monitar. Adaftocin USB-C zuwa HDMI kuma suna iya sa kwamfuta ta sake ɗaukar monitar a matsayin talabijin, kuma saitin Full ɗin nan na kowace monita ne daban, in kana da biyu sai ka yi wa kowacce nata. Sabunta direba ma, musamman in ka zaɓi a goge tsohon saiti gaba ɗaya, yakan mayar da shi Limited, don haka ka adana hoton Paint ɗin nan a wuri mai sauƙin samu, duk lokacin da ka sabunta direba ko ka canza rami ka buɗe shi ka duba.